Kunyar Ɗan Fari

A gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari. Kakanninmu makiyaya ne da suka rabu da shanu suka zauna a unguwar Ƙofar Dumi tun kafin a haifi mahaifina. Fulatancin ya tafi ya bar 'yan kalmomi a bakin tsofaffi, amma kunyar tana nan daram. Ni ce 'yar fari a wurin mahaifiyata. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata, uwar mahaifina, ita nake ce wa Inna. Wadda ta haife ni kuwa Adda nake ce mata, kamar wata yayata, ita kuma ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Idan tana son in miƙo mata ludayi sai ta ce, "Ke." Idan da mutane a wurin, sai ta dubi bango ta ce, "A ce wa waccan ta kwashe shanya, hadari ya taso."

Ban taɓa jin haushin haka ba. Tun ina ƙarama ni mai zama ce a gindin lemon tsakar gidanmu, ina kallon gajimare yana tsallake duwatsu ina ƙirƙira masa labari. Na ɗauka kowace uwa haka take, kamar farin wata: tana haska ka, amma hannu ba ya kaiwa gare ta.

Da cikina na fari ya tsufa, mijina ya mayar da ni gida kamar yadda aka saba, in haihu in yi wankan jego a gaban iyayena. Na haifi namiji a tsakiyar damina. Da aka miƙo mini shi a asibiti na sunkuya na shinshina kansa, na ji wani ƙamshi da har yau ban sami abin kwatanta shi ba, ni da nake koya wa yara tsara waƙa a makaranta.

Abin ya fara ne bayan mun dawo gida, tun kafin suna.

Safe da yamma ana ɗora babbar tukunya a murhun tsakar gida, a tafasa ruwa da ganyen darbejiya, Inna ta shiga da ni makewayi ta yi ta fyaɗa mini shi da ganye har fatata ta yi ja. Wata safiya na fito da jaririn a hannu ina jiran a juye ruwan. An kwana ana ruwan sama, gari da sanyi, sai na matsa kusa da murhu don in ji ɗumi. Tukunyar na tafarfasa, ganye na juyawa a ciki. Sai kawai na ga hannuwana sun buɗe. Ba su buɗe ba. A cikin kaina na gani, amma ƙarara, kamar an haska mini hoto a waya: hannuwana sun saki, shi kuma...

Har yanzu ba na iya ƙarasa wannan maganar.

Na ja da baya har na yi karo da turmi. Na ce, "Inna, karɓe shi."

Ta karɓe shi tana dariya. "Zo nan, maigidana. Uwarka ta tuna 'yar gidan wa ce ita. Kai kuma ka zo mini hannu na dukan cinya, ko cefane babu."

Na shiga makewayi jikina na rawa. Inna ta ce sanyi ne, ta ƙara mini ruwan zafi.

Na yi a'uziyya, na ce waswasin Shaiɗan ne, zai wuce. Bai wuce ba. Washegari rijiyar tsakar gida ce ta nuna mini nata hoton. Bayanta wuƙar da Adda ke yanka kuɓewa. Ran suna, askar wanzami. Gidan da na girma a ciki, wanda zan iya zagawa ido rufe, ya zama gida mai haƙora. Duk abin da na kalla sai ya nuna mini abin da hannuna zai iya yi da shi. Kuma iya ƙarfin da na sa na kori hoton, iya ƙarfin da yake dawowa da shi, kamar ƙudan damina.

Sai na yanke wa kaina hukunci: tunda ban amince da hannuwana ba, kada su taɓa shi sai dole. In zan ba shi nono, sai na zauna dirshan a tabarma, nesa da komai, kuma sai da mutum a ɗakin. Ina kawar da kai in dubi bango. Yana sakin nono in tura shi wajen Inna. Ban yi masa wanka ba, ban yi masa wasa ba. Na daina kallon fuskarsa, domin in na kalla sai so ya taso, in so ya taso sai hoton ya biyo bayansa.

Gidan kuwa ya cika da yabona.

Inna ta sami abin faɗa. Duk wadda ta shigo barka sai ta ce mata, "Kin ga wannan? Har jami'a ta gama, amma boko bai cinye mata kunya ba. Ko kallonsa ba ta yi. Ni kaina a zamanina ban kai ta ba."

"Ai yaran yanzu," in ji wata maƙwabciyarmu, "tun a gadon haihuwa suke ɗaukar hoto da ɗa su watsa wa duniya."

"Tawa kam gado ta yi," in ji Inna, "ba karambani ba."

Ran suna aka yi mini lalle, aka sa ni leshi, mai hoto ya ce in riƙe jariri. Na maƙe kafaɗa na ɓoye hannuwana cikin mayafi. Wata ta rangaɗa guɗa. Hoton yana nan har yanzu: ni a gefe kaina a sunkuye, shi a cinyar Inna, kowa na murmushi. Duk wanda ya gani sai ya yaba nutsuwar mai jego. A ƙarƙashin mayafin nan matse yatsuna nake yi, har zobe ya yanke ni.

Abin da ya hana ni faɗa, muna yara akwai wata mata a bayan layinmu, mai suyar awara, da aka ce ta taɓu bayan haihuwa. Ban san abin da ya same ta ba. Na dai san dangin mijinta sun zo da rana tsaka sun ɗauke jaririn, ta biyo su har bakin titi ba ɗankwali, tana roƙonsu a hankali, ko murya ba ta ɗaga ba. Daga baya mukan gan ta a dakalin gidansu, ta rungume zanen goyo. Ita nake gani duk sanda na buɗe baki. Na tabbata in na yi magana za a raba ni da ɗana, kuma abin da ya fi ci mini rai, na tabbata zan ce sun yi daidai. Macen da ke ganin irin abin da nake gani, wa zai bar mata ɗa?

Ga arba'in na matsowa. In aka gama wanka za a mayar da ni gidana a unguwar Wunti, ɗaki biyu a saman bene, bayan shagunan teloli. Matakalar doguwa ce ta siminti, gefe ɗaya babu makari. Akwai babbar taga mai kallon titi, wadda a amarcina nake son zama a bakinta ina kallon keke da babura suna saƙa hanya. Mijina yadi yake sayarwa a kasuwa, in ya fita da safe sai magariba. Daga ni sai yaron, wuni guda, da matakala, da taga.

Yakan zo da la'asar mu gaisa a zaure, da ƙunshin balangu a hannu. Wata rana na ce yau kam zan faɗa masa.

"Kin rame," ya ce. "Inna ba ta ba ki kunun kanwar ne, ko ita ke shanyewa a bayan ƙofa?"

"Tana ba ni."

"Na sa an sake fenti. Shuɗi, irin wanda kike so. Gidan ya yi mini girma, har ƙadangaru sun fara raina ni."

Na ce, "In na ɗan ƙara kwana a gida fa?"

Ya yi dariya. "Kina so a zo a same ni na bushe? Kada aiki ya tsorata ki. Hajiyarmu ma ta ce da an yaye shi a kai mata. Kai, cewa ta yi ko yau aka ba ta tana so."

Da wasa ya faɗa. Maganar da na ɗauko ta koma ciki kamar kan kunkuru. Na ce masa shuɗin ya yi, na gode.

Wata rana da hantsi ya wuce, Inna ta tafi gaisuwar mutuwa Ƙofar Wambai. Mahaifina ya fita, ƙannena na makaranta. Ni da Adda ne a ɗaki, tana ninke kaya, jaririn na barci a katifa. Sai ta miƙe ba ta ce komai ba, ta ɗaga labule ta fita. Ban san sanda na miƙe ba ni ma. Kusan tare muka iso tsakar gida. Ita ta shige madafi, ni na tsaya a gindin lemo.

Sai ruwa ya sauko, shi kuma ya farka.

Kukansa na fitowa ta labule, siriri, yana yankewa yana dawowa. Nono ya tsattsafo ya jiƙa gaban rigata, ruwan sama ya jiƙa sauran. Ƙafafuna na son tafiya. Na cusa hannuwana a hammata na danne su. Nake cewa a raina, in na shiga babu kowa, wa zai tare ni? Ina kallon ƙofar ɗakin ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, ina haɗa farkon wata da ƙarshen wata. Ban san tsawon tsayuwar da na yi ba. Mai jego a cikin ruwan sama, abin da Inna ke cewa ya isa ya kwantar da mace har abada.

Adda ta fito daga madafi, ta wuce ta gabana ba ta dube ni ba, ta shiga ta ɗauke shi. Kukan ya tsaya. Na ji tana yi masa waƙa ƙasa-ƙasa, irin wadda ban taɓa sanin ta iya ba.

Da yamma ruwa ya ɗauke, amma lungunan sun cika, Inna ba ta dawo ba. Ruwan wanka ya tafasa, wankan jego kuwa ba a tsallake shi. Adda ta lallaɓa yaron ya yi barci, ta bar shi wajen ƙanwata, ta juye ruwan da kanta ta ce wa bango, "A shigo."

Tun da na yi wayo Adda ba ta taɓa yi mini wanka ba. Na zauna a kujera 'yar tsugunno na ba ta baya. Ta tsoma ganye ta fyaɗa. Hannunta ya fi na Inna sauƙi. Tururi ya cika makewayin har ba na ganin bango.

Sai ta fara magana, ba da ni ba, da tururin.

"Ni na san kunya. Na yi ta har na gaji. Mai kunya jira take ɗaki ya watse. Da an fita sai ta rarumo ɗanta, ta shinshina shi, ta duba masa yatsu, tana kasa kunne ko wani na zuwa. In da mutane kuwa, satar kallo take ta gefen mayafi." Ta sake fyaɗa ruwan. "Wata kuwa in za a fita sai ta riga kowa. Na zuba ido, ban ga ta saci kallo ba ko sau ɗaya."

Ruwa na gangarowa ta bayana.

"Sanda aka kai wata ɗakin Inna," ta ce, "akwai 'yar kafa a bangon madafi. Ta nan ana hango gindin lemo. Tuwon da ya ƙone a wurin nan, Allah kaɗai ya san yawansa."

Ta dakata. "A faɗa mini abin da ke damun ta."

Na faɗa. Ina ba ta baya na faɗa mata, fuskata a kan gwiwa. Tukunya, rijiya, wuƙa, matakalar Wunti da ke jirana. Ina faɗa ina jiran in ji ganyen ya suɓuce daga hannunta, in ji ta ɗauki salati.

Ganyen bai faɗi ba, amma ya tsaya, ya daɗe a tsaye.

"An taɓa yi masa wani abu?"

"A'a."

"Ana so a yi?"

"Adda, gara a yanke hannun."

"To." Ta tsoma ganyen. "Ni ban san sunan wannan abu ba. Addu'a muna yi, za mu ƙara. Amma allurar rigakafinsa ta zo. In an yi masa, sai a tambayi likitoci."

"Za su ƙwace shi."

"Da raina?" ta ce. "A sunkuya, ruwa na hucewa."

Ranar rigakafin muka hau keke mai ƙafa uku, Adda da yaron a cinya, ni na riƙe ƙarfe da hannu biyu. Da muka biyo ta Wunti na kawar da kai don kada in hango benenmu. A asibiti aka yi masa allura ya callara kuka, Adda ta jijjiga shi, sannan ta sunkuya wajen nas ɗin ta yi mata magana a kunne. Ina kallon fuskar matar ina jiran ta zaro ido. Ba ta zaro ba. Ta dube ni ta ce, "Sannu, maman jariri," ta kwatanta mana wani gini can baya, bayan itatuwa.

Muna isa na karanta allon da ke saman ƙofa. Sashen ƙwaƙwalwa ne, wanda a gari ake kira da wani sunan da ba na son maimaitawa. A kan benci akwai wani mutum da kaftani mai guga yana latsa waya, da wata tsohuwa da 'yarta, da wani saurayi da ƙafarsa ke ta kaɗawa. Babu sarƙa, babu ihu. Amma ni mai awara nake gani a kan bencin, da zanen goyonta. Na juya na kama hanyar fita. Ba gudu nake ba, amma saura kaɗan.

Sai na ji an kira sunana daga baya.

Ban gane muryar ba da farko. An ja ƙarshen sunan a hankali, yadda ba wanda yake ja, kamar abin da aka daɗe ana ajiye da shi a ƙasan akwati aka fito da shi yau. Na tsaya. Da na waiwaya, Adda na tsaye a tsakiyar hanya da yaron a kafaɗa, ta rufe bakinta da gefen mayafi, idonta a ƙasa, mutane na wucewa ta gefenta ba su san abin da ya faru ba.

Na koma.

Likitar mace ce mai gilashi, Hausarta irin ta mutanen kudancin jiharmu, tana ta ce wa ɗana "ita". Ta sa Adda ta zauna a kusa da ƙofa, ta yi mini tambayoyi ba gaggawa. Ina barci? Ina cin abinci? Ina jin muryoyin da wasu ba sa ji? Akwai wanda nake jin yana ba ni umarni? Na taɓa jin kamar yaron ba nawa ba ne? Na taɓa tunanin kashe kaina? Na amsa duka, ina kallon fankar da ke juyawa a sama.

"In hoton ya zo, me kike ji?"

"Kamar in mutu don tsoro."

"Sai ki yi me?"

"Sai in gudu."

Ta cire gilashin. Ta ce wannan ciwo ne da suka sani, yana kama mata bayan haihuwa. Fargaba ce ke yin yawa har ƙwaƙwalwa ta riƙa nuna wa uwa abin da ta fi tsoro a duniya. Ta ce tunanin da ya faɗo wa mutum yana ƙinsa daban, niyya daban. Akwai wani ciwon mai haɗari, wanda mace ke kasa bambance gaskiya da abin da ba shi ba, shi ya sa ta yi mini waɗancan tambayoyin, kuma shi ma ana maganinsa. Nawa ba shi ba ne.

Na tattara ƙarfina na ce, "Za a raba ni da shi?"

"Raba ki? Ni aikin da zan ba ki shi ne ki ɗauke ta."

Ta rubuta mini 'yar ƙwaya da ba ta hana shayarwa, ta ce ba yau za ta fara aiki ba, sai na yi haƙuri. In riƙa dawowa muna magana. Kullum kuma in ɗauki yaron, da farko Adda na gefena, sannan ta koma bakin ƙofa, sannan tsakar gida. In hoton ya zo kada in yi kokawa da shi, kada in gudu. In bar shi ya wuce kamar mai tallan da ban kira ba.

Ban gaskata ta duka ba. A keke muna komawa nake cewa, in ita ce ta yi kuskure fa? In ni ce guda ɗayar da ba ta shiga lissafinta ba?

Ranar farko da na ɗauke shi ba don nono ba, gumi ya jiƙa ni sharkaf. Adda na gefe tana tsintar shinkafa, ba ta ɗago ba. Hoton ya zo. Na ji kamar ƙasa ta karkace. Na yi ta kuka ina riƙe da shi, shi kuma ya buɗe ido yana kallon haɓata kamar mai nazarin wani babban al'amari. Ashe girarsa ta cika. Ashe akwai ɗan tabo a bayan kunnensa, irin nawa. Kowa a gidan ya san wannan, ban da ni.

Ƙwayar ta sa ni tashin zuciya da farko. Wasu ranakun na ji sauƙi, wasu na koma kamar ban fara ba.

Adda ce ta faɗa wa Inna cewa ba kunya ba ce, ciwo ne. Inna ta wuni ba ta tsokani kowa ba, abin da ban taɓa gani ba. Washegari ta aika wajen malam aka kawo rubutu, ta tsaya a kaina na sha, na bi shi da ƙwayata. Sai da ta gan ni na goya yaron ina zagaya tsakar gida sannan bakinta ya dawo.

"Ashe aron kunyar aka yi, an mayar wa masu ita." Ta leƙa fuskarsa. "Maigidana, an ƙwace mini kai da rana tsaka, ko sallama babu."

Maƙwabciyar nan ta shigo ta gan ni da goyo, ta riƙe haɓa. Inna ta ce, "Ni na sa ta. Bayana ya gaji." Ba ta ƙara ko kalma ba.

Mijina a zaure na faɗa masa, inuwar Adda na bayan ƙofa. Ya riƙe ƙunshin balangun ya manta bai ajiye ba. Na ga tsoro a fuskarsa, ba zan ɓoye ba. Abin da ya fara cewa shi ne, "Shi yaron lafiyarsa ƙalau?" Maganar ta soke ni, ko da yake ni ma da ita zan fara. Ya tafi bai ce komai ba game da komawata. Na kwana biyu ina zabura duk sanda aka yi sallama, ina jiran muryar matan gidansu. Ba su zo ba. Ranar komawa asibiti sai ga shi ya rufe shago ya biyo mu, ya yi wa likitar tambayoyi har ta ce ko shi ma kati za a yanka masa. Daga baya ya yarda in ƙara makonni a gida. Hajiyarsu ya ce mata jikina ne bai gama ƙwari ba. Ya kuma kira mai walda ya sa wa matakala ƙarfe.

Ranar da aka mayar da ni, mata suka rako ni da gara, ƙwarya-ƙwarya. Ni na goya shi da kaina. A gindin matakala na tsaya. Matan na bayana suna hira, suna jiran in hau. Hoton ya zo, yadda na san zai zo. Na ce masa a zuci, na gan ka. Na kama sabon ƙarfen na hau, ɗumin yaron a bayana.

Aka ci, aka sha, aka yaba shuɗin bango, aka watse. Adda ce ta ƙarshen fita. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi labule ta ce, "A riƙa shan magani. A kira in an ji wani abu." Na ji sautin takalminta yana sauka har ya ɓace.

Gidan ya yi tsit. Daga ƙasa ƙarar kekunan ɗinki na tasowa. Magariba da nisa. Na zauna a bakin gado ina kallonsa yana barci. Babu Inna, babu mai tsintar shinkafa a bakin ƙofa.

Ya motsa, ya yamutsa fuska, ya buɗe baki. Na sa hannu biyu na ɗauke shi.

Ban san abin da ya kai ni tagar ba. Wataƙila don ita na fi tsoro, likita kuma ta ce kada in riƙa kewaye abin da nake tsoro. Na taka a hankali kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono cike. Hoton ya riga ni isa, yana tsaye a wurin. Na tsaya kusa da shi, hannuwana a rufe suke.

Na dubi ƙasa. A tsallaken titi, gaban shagon wani tela, Adda na tsaye ita kaɗai. Sauran matan sun tafi tuni. Keke ya tsaya mata, ta girgiza kai. Wani ya tsaya, ta girgiza kai. Ta kama gefen wata atamfa da aka rataye tana murzawa kamar mai ciniki, kanta a karkace, idonta na leƙowa sama ta gefen mayafi.

Na juyo da fuskar yaron wajen gilashi, na ɗan ɗaga shi.

Ta saki atamfar, ta kawar da kai da sauri, ta tsayar da keke ta shiga.

Na daɗe a wurin. Sai ya fara goga baki a rigata yana ƙunƙuni. Na zame na zauna a ƙasan tagar, na jingina da shuɗin bango, na ba shi nono ina kallon fuskarsa.